Keke Ba Akori-Kura Ba Ne: Jan Hankali Ga 'Yan Katako Da Matuƙa Keke



'Yan uwa mambobi da sauran masu bibiyar wannan shafi, yau ban zo da sanarwar taro ko ta kuɗin wata ba. Wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in faɗe ta tun kafin mu taru a gidan wani muna karɓar gaisuwa. Ra'ayina ne ni kaɗai, ƙungiya ba ta zauna a kansa ba tukuna. Wanda ya ga na yi kuskure ya gyara mini.

Makon jiya bayan sallar la'asar ina tsaye a bakin kasuwar Katako ina jiran abin hawa, sai ga wani keke ya fito. An ɗora masa falankai a saman rumfa, an cika wurin zaman fasinja da buhunan siminti, sannan an ɗaura masa amalanke a baya da igiya, shi ma shaƙe da kwanon rufi. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba yana zaune a kan simintin, ya juya baya yana riƙe da hannun amalanken don kada ya karkace. Ba su yi nisa ba, a wata 'yar gangara, motar da ke gabansu ta taka birki. Mai keken shi ma ya taka, keke ya tsaya, amma amalanke bai tsaya ba. Ya daki bayan keken, falankan sama suka sulalo gaba, ɗaya ya wuce dab da kan wata baiwar Allah da ke goye da jariri. Yaron nan kuwa hannunsa ya matse tsakanin ƙarfe da ƙarfe.

Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ya biyo baya. Mutane suka taru, aka yi wa yaron sannu, wasu har da dariya, aka tattara falankan, aka sake ɗaure amalanken da wannan igiyar dai, suka ci gaba da tafiya. Babu wanda ya ce a sauke kayan. Ni ma ban ce ba, kuma shi ya sa na kasa barci da abin.

Mu fara tuna yadda keken nan ya zo mana. A Legas aka fara saninsa da Keke Marwa, zamanin da Buba Marwa yake gwamnan soja. Daga baya gwamnatin Obasanjo ta kafa shirin yaƙi da talauci na NAPEP a 2001, inda sunan Keke Napep ya samo asali. A Kano ana ce masa A Daidaita Sahu. A nan Jos bai yi yawa sosai ba sai bayan da gwamnatin Jonah Jang ta hana acaba a cikin Jos da Bukur. Samarinmu da yawa da suka rasa babur, keke suka koma. Yau akwai gidaje bila adadin a Gangare da Dilimi da Anguwan Rogo da Rikkos da Nasarawa da ba a ɗora tukunya sai mai keke ya dawo. Don haka duk wanda ya karanta wannan rubutu ya ɗauka ina yaƙi da masu keke ne bai fahimce ni ba. Ƙannenmu ne da 'ya'yanmu, kuma sana'arsu nake so ta ɗore.

To amma a duk inda aka kawo shi, keken nan don ɗaukar mutane aka ƙera shi. Bajaj da TVS da muke gani a titi, injinsu bai wuce cc 200 ko kusa da haka ba, nauyin keken kansa bai kai kilo 400 ba, kuma kamfani ya yi shi ne don direba da fasinja uku. Mu yi lissafi. Manya uku, a ce kowa kilo 70, ya zama kilo 210. Buhun siminti ɗaya kilo 50 ne. Ke nan buhu huɗu ya kusa cike gurbin fasinja uku. Wanda ya loda buhu goma ya ɗora kilo 500, fiye da nauyin keken da zai ɗauka. In aka ƙara amalanke a baya, an haɗa wa ƙaramin inji da ƙaramin birki aikin da ko akori-kura sai ta yi nishi.

Tsawon keke bai kai ƙafa 9 ba. Falanki da tu-bai-fo da muke sayarwa ƙafa 12 ne, wasu sun fi haka. Rodi mita 12 ne, ko an lanƙwasa shi biyu ya ninka tsawon keke. Duk abin da ya yi saura a gaba ko a baya, mashi ne ake yawo da shi a cikin jama'a.

Masu keke kan ce, ai yana ja. Gaskiya ne, yana ja. Sai dai ja ba shi ne matsala ba, a giya ɗaya ko jaki ka ɗaura masa zai ja. Tsayawa ce matsala. Amalanke ba shi da birki, duk nauyinsa a kan birkin keke yake ƙarewa. Igiya kuma ja kawai ta iya, ba ta iya tarewa. Da zarar keke ya rage gudu igiya ta saki, abin da ke baya zai taho da gudunsa har sai ya sami abin da ya daka. Ga kuma wani abu da duk mai tuƙi ya kamata ya haddace: in ka ninka gudunka sau biyu, nisan da za ka ci kafin ka tsaya ninkuwa yake sau huɗu. Wannan ka'ida ce ta halitta, ba ta san gwani ba.

Na biyu, keke ƙafa ɗaya gare shi a gaba, kuma da ita kaɗai yake juyawa. In aka tara nauyi a bayan tayoyin baya, ko amalanke ya danne gindin keken, gaban yakan yi sakayau, tayar gaba ta daina kama ƙasa yadda ya kamata. Direba zai karkata hannu amma keke ya miƙe. A wurin hawa ma har gaban yakan ɗaga gaba ɗaya. Na uku, kaya a saman rumfa suna mai da nauyi sama. Abu mai ƙafa uku da ma ba shi da wuyar kifewa a kwana, balle an ɗora masa katako a ka. Rumfar nan bututun ƙarfe ne siriri da tampol, don rana da ruwan sama aka yi ta.

Yanzu a haɗa wannan duka da garin da muke ciki. Jos ba Kano ba ce, ba shimfiɗaɗɗiyar ƙasa gare mu ba. Muna zaune a kan tsauni, kimanin mita 1,200 sama da teku. Sunayen unguwanninmu ma sun isa shaida: Gangare, Tudun Wada, Dutse Uku, Tudun Fera. Da wuya ka ɗauki kaya daga Katako zuwa wurin gini ba ka hau tudu ko ka sauka gangara ba, kuma sabbin gine-gine yawanci a bayan gari suke, inda hanya duk duwatsu ce da zaizayar ruwa. A doguwar gangara, in direba ya ɗora ƙafa a birki bai ɗaga ba, birkin yakan yi zafi ya daina kamawa. Manyan direbobin da ke bin Hawan Kibo sun san wannan, shi ya sa mai hankali a cikinsu yake sauka da babbar giya a hankali. Amma yaranmu na keke, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 fetur ya yi tsada, da yawa sun koyi sa firi ko kashe inji a gangara don su rage shan mai. Keke da lodi, da amalanke a baya, a firi, a gangara, a watan Agusta titi ya jiƙe. Wane ne zai tsayar da shi?

Na ɗan duba yadda ake yi a ƙasashen da jan kaya da babur ya zama ruwan dare. A Amurka da Turai akwai masu manyan babura masu ƙafa uku da ke jan 'yar tirela mai ɗauke da tantin kwana idan za su yawon hutu. Akwai wani da ake kira Can-Am Spyder, injinsa cc 1,330, wato ya ninka na kekenmu fiye da sau shida. Duk da haka kamfanin da ya ƙera shi ya ƙayyade kada abin da zai ja ya wuce kilo 182, ƙasa da buhun siminti huɗu. A Ingila doka ta ce tirelar da babur zai ja kada faɗinta ya wuce mita ɗaya, nauyinta kuma kada ya wuce kilo 150 ko kashi biyu cikin uku na nauyin babur ɗin, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Waɗannan mutane titinsu ya fi namu kyau, birkinsu ya fi namu ƙarfi, asibitinsu ya fi namu kusa, amma suka tsaya a nan. Mu da keken da ya sha gyara a hannun makanikai biyar muke ɗaura masa abin da ya ninka haka da igiyar shanya.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa mini a majalisa. Wani ya ce, Sakatare, kai ba ka san halin da ake ciki ba ne, kuɗin akori-kura ya ninka na keke, mai gini da kyar ya haɗa kuɗin katakon. Wannan gaskiya ne, ni ma na yi gini na san zafinsa. Amma mu auna ɗaya ɓangaren. In kaya suka zube, kwano ya lanƙwashe, siminti ya fashe a cikin ruwa, wa ya yi asara? In keken ya kife, gilas ya fashe, gindinsa ya karye, mai keken da yawanci ba nasa ba ne, balas yake kaiwa kullum ko biya yake a hankali, ina zai samo na gyara? In aka karya ɗan wani, kuɗin ɗori da na asibiti da zaryar ofishin 'yan sanda sawu nawa na akori-kura za su biya? In kuma rai ne, babu lissafin da zai kama shi. Garin neman ƙiba ake samo rama. Ko ba a yi haɗari ba, keken da ake yi wa irin wannan lodi kulocinsa da sifirin da tayoyinsa ba sa daɗewa. Abin da direba ya samu a sawu ɗaya, makaniki ne zai karɓe a ƙarshen wata.

Wani kuma ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, babu musu. Amma malamanmu sun sha karantar da mu cewa wanda ya zo da raƙuminsa an umarce shi ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara ga Allah. Kuma akwai bambanci tsakanin wanda ya jefa kansa cikin haɗari da wanda ya jefa wasu. Matar nan mai goyo ba ta sayi katako ba, ba ta yi cinikin lodi ba, hanya kawai take wucewa. Haƙƙinta yana wuyan duk wanda ya sa hannu a wannan lodi.

A nan ne nake so mu faɗa wa kanmu gaskiya. In abu ya faru, kowa mai keke yake zagi. Amma mai keke shi ne mafi rauni a cikin cinikin. Mai kaya ne yake cewa a haɗa duka a sawu ɗaya, in ba haka ba ya kira wani. Mai shago yana tsaye ana lodin a ƙofarsa, ya karɓi kuɗinsa ya kau da kai. 'Yan dako su ne suke ɗaurewa. Mai keken da ya ba da haya yana jiran balas ɗinsa da yamma, bai damu da yadda aka samo ba. Yaro ɗan shekara ashirin da ya fito tun asuba bai haɗa kuɗin mai ba, da wuya ya iya cewa a'a shi kaɗai. Sai in ya san duk wanda aka kira bayansa shi ma a'a zai ce. Wannan kuwa ba ya samuwa sai kasuwa ta tsayar da doka guda.

Ga abin da nake ba da shawara, kuma ina roƙon shugabannin 'yan katako da na 'yan dako da na masu keke su duba.

Na farko, keken fasinja kada ya ja komai a bayansa. Ba amalanke, ba baro, ba injin markaɗe ko janareto mai taya. Ba shi da wurin da aka tanada don ɗaura abin ja, kuma ƙarfen bayansa ba a yi shi don haka ba. Kada kuma a sake sa yaro ya riƙe amalanke da hannu daga cikin keke ko daga bayan babur. Hannun ɗan Adam ba sarƙa ba ne.

Na biyu, a sa iyaka ga abin da keken fasinja zai ɗauka daga kasuwa: abin da bai wuce nauyin fasinjansa ba, a ƙasa, a tsakiya, kuma babu fasinja tare da kayan. Dogon katako da rodi da bandir ɗin kwano a bar wa keken ɗaukar kaya, wanda mutanen Kano ke kira kurkura, ko akori-kura. Shi ma kurkuran yana da iyakar da kamfani ya rubuta masa, a nemi sani a kiyaye. Duk abin da ya leƙo baya a ɗaura masa jan ƙyalle, a ɗaure kayan gaba da baya yadda ba za su sulale ba in an taka birki.

Na uku, wanda yake son ya riƙa jan 'yar tirela da kurkura, ya yi abin yadda ya dace. Ya je wurin mai walda da ya san aiki a yi masa maɗauri na ƙarfe a jikin shasi, a tsakiya kuma ƙasa-ƙasa, da sanda mai ƙarfi da kusa mai makulli, sannan a ƙara sarƙa ta biyu ko da ta farko ta tsinke. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, a kan tayoyin tirelar ko gaba da su kaɗan. Masu wannan harka a waje suna barin kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin tirela ya sauka a kan maɗauri. In nauyi ya koma baya, tirela takan fara wutsil-wutsil hagu da dama har ta kayar da abin da ke janta. In ya yi yawa a gaba, sai ta danne gindi ta ɗaga tayar gaba. A sa mata fitilar birki da abin ƙyalli, kada mutum ya hau ta, kuma a kai wa jami'an VIO su duba kafin a hau titi da ita.

Na huɗu, jan keken da ya lalace. Kullum muna ganin wani ya miƙo ƙafa yana tura keken ɗan'uwansa a tsakiyar titi, ko an ɗaure da guntuwar igiya fasinja na ciki. Zumunci ne mai kyau, amma hanyar ba ta da kyau. Kowace tashar keke tana iya haɗa kuɗi ta yi sandar ja guda ɗaya ta ƙarfe ta ajiye. In za a ja, a sauke fasinjan duka biyun, a sa direba a wanda ake ja yana riƙe da birki, a tafi a hankali ta gefen hanya zuwa makaniki mafi kusa, ba zuwa ƙarshen gari ba.

Na biyar, ga direbobi: da lodi ba a sa firi. A sauka gangara da giya ɗaya ko biyu, inji yana riƙe da keken, ana taɓa birki ana saki. A gwada birki tun a cikin kasuwa kafin a hau titi, a duba man birki da iskar taya. A bar tazara mai yawa tsakaninka da na gaba, a shiga kwana da shataletale a hankali. In hadari ya haɗu ko magariba ta yi, kayan su kwana, gobe ma rana ce.

Na shida, maganar kuɗi, tunda ita ce tushen abin. 'Yan kasuwa za su iya daidaitawa da masu kurkura da akori-kura a kan farashi sananne zuwa kowace unguwa, a rubuta a allo a bakin kasuwa. Masu ƙananan kaya da suka nufi yanki ɗaya, a ce Rikkos ko Farin Gada, a haɗa musu mota ɗaya su raba kuɗin. Mai shagon da ya sayar da kayan rufin gida guda ba zai talauce ba don ya sa wani abu a kuɗin kai kaya. Haka kuma ƙungiyarmu tana iya gayyatar jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa su zo su yi wa direbobi da 'yan dako bita ta rabin yini. Wayar da kai yana cikin aikin da aka kafa hukumar dominsa tun 1988.

Akwai dalili na ƙarshe da ya sa nake ganin bai kamata mu yi jinkiri ba. Mun ga yadda aka yi da acaba a garin nan. Kano ma ta hana a 2013. Duk sana'ar da ta kasa tsabtace kanta, wata rana hukuma ce za ta tsabtace ta, kuma hukuma in ta tashi ba ta tantance mai laifi da marar laifi. Haɗari ɗaya mai muni a bakin Katako, wani ya ɗauka a waya ya watsa, ya isa a wayi gari an hana keke shiga yankin ko ɗaukar kaya kwata-kwata. A garin da muka san yadda ƙaramin abu a titi yake iya zama babba, ba ma buƙatar ƙarin abin da zai tara mutane cikin fushi. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Zan gabatar da wannan magana a zamanmu na gaba, in shugaba ya ba da dama, domin a tura wakilai su gana da shugabannin kasuwa da na masu keke. Kafin nan ina roƙon kowa abu ɗaya. In kai ne mai kayan, ka ce a yi sawu biyu. In a ƙofar shagonka ake lodin, ka ce a rage. In kai ne direban, ka ce a'a, arzikinka ba ya cikin wannan igiyar. In kuma wucewa kake ka gani, kada ka yi shiru irin wanda na yi makon jiya.

Masu keke da makanikai da ke cikinmu sun fi ni sanin wannan aiki, ina so in ji ta bakinsu, musamman a kan iyakar lodi da farashin kai kaya. Allah ya ba yaron nan lafiya, ya kare mu da iyalanmu daga mummunar ƙaddara, ya sa albarka a kasuwarmu, ya zaunar da Jos da jihar Filato lafiya. Amin.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya,
Katako, Jos.